Basillar da na karɓe a ƙofar kasuwa

Aikin ƙofa ban neme shi ba, shi ya zo ya same ni har gida. A shekarun nan da mutanen daji suka hana kowa sakat, lokacin da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka cika mana gari da ƙullin kaya a ka, aka fara jin bam yana tashi duk inda jama'a ke taruwa. Da farko maza ake tsoro. Daga baya aka ce mata ma ana ɗaura musu abin a ciki. Nan fa kowace kasuwa da tasha ta shiga neman macen da za ta tsaya a ƙofa ta laluba jikin mata, don namiji ba zai ɗaga mayafin matar wani ba.

A unguwarmu cikin Yola ni nake wanke gawar mata. Hannuna ya saba da jikin mutum, kuma ba a san ni da yawan dariya ba. Ɗan ƙanen marigayi mijina yana sayar da hatsi a wata ƙaramar kasuwa a Jimeta, shi ya kai maganata gaban kwamitinsu. Ya ce musu, "In dai Dada ce a ƙofa, ko allura ba za ta wuce ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce take ci na har yau.

Ranar farko Ciyaman na kwamitin kasuwa ya raba kayan aiki. Maza 'yan banga kowa ya sami gora, babbansu kuma tsohon maharbi ne, yana da bindigarsa ta gida. Ni aka ba ni riga mai ƙyalli da ba ta rufe mini kafaɗa, da sandar nan baƙa da ake shafa wa mutum a jiki ta yi kuka in ta ji ƙarfe, da daro na zuba abin da na karɓe, da usur ja a jikin igiya. Ya ce, "Dada, in wani ya taɓa ki, ko kin ga abin da hankalinki bai kwanta da shi ba, ki busa, za mu zo." Akwai takarda manne a jikin ƙofa. Ni ban yi karatu ba, sai na sa aka karanta mini ita sau biyu na haddace. Ba a shiga da ƙarfe mai tsini ko mai kaifi, sai in kayan sana'ar mutum ne. Ba a shiga da ƙulli ɗaure a jiki. Abin da aka karɓa a ajiye, in mai shi zai fita ya ɗauki abinsa.

Kullum bayan asuba na hau keke daga Yola, in sauka Jimeta kafin a buɗe ƙofa. An kewaye mini wani lungu da zana, nan mata suke shiga ɗaya bayan ɗaya. Sandar baƙa ba na yarda da ita, don batir yakan mutu mata ba sallama, sai ka ga tana shiru a kan makulli guda. Hannuna na fi yarda da shi: ƙugu, ƙirji, ƙarƙashin goyo, cikin ɗankwali.

Mari kuwa na sha shi. Wata hajiya ta mare ni don na ce ta kwance zaninta na sama. Wani mutum ya cire takalminsa ya buga mini a baya, wai na daɗe da matarsa a bayan zana. Sau biyu na busa usur, sau biyu 'yan banga suka zo da gudu suka janye mutum. Bayan na takalmin na je wurin Ciyaman na ce a ba ni gora kamar yadda aka ba maza. Ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Haba Dada, ke da idonki kaɗai yake sa mutum fitsari a tsaye, me za ki yi da gora?"

Na ce masa takalmin bai ji tsoron idona ba. Ya ce in yi haƙuri, aikin lada ne. Na fito ba gora.

Cikin matan da suke wucewa ta hannuna akwai wata 'yar Michika, Kirista ce, kowa Maman Biyu yake ce mata saboda tagwayenta. Mijinta a can aka kashe shi, ta taho a ƙafa ta kan duwatsu, ta sami wani ɗaki a gidan 'yan cocinsu a unguwar Gwadabawa, nan cikin Jimeta. Aikinta bakace. A can ƙarshen kasuwa, bayan layin injinan niƙa, akwai wani sito na wake da masara inda mata suke zama da faifai da rariya suna fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa kafin a zuba a buhu. Doguwa ce, siririya, mai saurin baki. Hausarta ta gudu-gudu ce, sai ta ce wa mace shi, ta ce wa namiji ita.

Wata safiya na shafa kanta na ji abu mai tauri a cikin kitso. Na zaro. Basilla ce, babbar allurar nan da ake ɗinke bakin buhu da ita, ta fi tsawon tafin hannu, an wasa bakinta har yana ɗaukar ido.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Na aiki ne, Dada."

"Ke ɗinki kike yi ko bakace?"

Na jefa a daro. Ta tsaya tana kallon daron, matan da ke bayanta suna ta tsaki rana tana yi.

Ta ce, "Dada, wannan shi ne mijina yanzu. Na farko sun kashe."

Na ce, "To mijin naki zai jira ki a nan. In kin tashi ki zo ki ɗauki abinki."

Ba ta ja ba. Da yamma ta zo ta ɗauka, ta soke a kai, ta tafi. Kashegari ba ta ma jira na laluba ba, ta zaro da kanta ta miƙo mini.

"Ga mijina. Ki kula da shi, kar ya sha rana."

Haka muka yi ta yi, safe ta ajiye, yamma ta ɗauka. Wataran in na ga ta makara sai in ce, "Maigidanki ya ƙosa." Ita kuma ta ce, "Bar shi, ba ya cin abinci, ba ya zagi, ya fi na mutane da yawa." Ita kaɗai take sa ni murmushi a ƙofar nan. Amma ni ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, me mace za ta yi da wasassen ƙarfe a kanta, kuma me ya sa a cikin kasuwa take son shiga da shi. Na ɗauka tsoron hanya ne, irin na wanda ya taɓa gudu.

Ana nan, ran nan na kai hannu ƙugunta na ji ƙulli a cikin haɓar zani. Ƙulli a ƙugu kuwa shi ne ainihin abin da aka ajiye ni dominsa. Na riƙe hannunta gam na kwance da ɗaya hannun. Leda ce ƙarama cike da garin barkono. Ya kai hancina na yi atishawa.

Na ce, "Kina so a kashe ki a banza? Da wani ne ya ji ƙullin nan ba ni ba, kafin ki buɗe baki an rufe ki da duka."

Ta ce, "Barkono ne kawai. Ba ya kuka a inji."

"Ni ba inji ba ce. Me za ki yi da shi?"

Ta dubi zanar da ta kewaye mu, ta juya mini baya, ta sauke rigarta daga kafaɗa. Shatar igiya ce kwance guda uku, ɗaya ta fashe ta bushe. Na wanke gawa da yawa, na san sabon tabo na san tsoho. Akwai na jiya, akwai na makon jiya.

"Wa?"

"Manaja."

Manaja ƙanen matar mai siton ne. Mai siton yana yawan tafiya sayen kaya a ƙauyuka, sai ya bar masa makulli da mata. Ta ce igiyar ɗaure buhu ba ta barin hannunsa. In ya ɗebi wake ya ga tsakuwa guda, sai ya zabga wa wadda ta fi kusa. Sauran matan sukan sunkuyar da kai. Ita ce ta taɓa ce masa a gaban 'yan dako ita ba jaka ba ce, suka yi masa dariya, tun daga ranar ya sa mata ido. Yanzu kuma sai ya aiki sauran su kai kaya wani wuri, ya ce ita ta shiga ciki ta share. Sau ɗaya ya turo ƙofa, Allah ya kawo wani mai sayen masara.

Na ce, "Ba ki yi ihu ba?"

Ta ce, "Dada, kin taɓa zuwa bayan inji? Ko an yanka mutum ba mai ji."

Ta miƙo hannu a kan ledar barkonon. Ina riƙe da ita. Wallahi na ji nauyinta a hannuna kamar dutsen niƙa. Na tuna wata rana da aka kira ni wankan matan da bam ya tashi da su, yadda muka yi ta haɗa jiki da zani don a gane wace ce wace. A ranar na yi wa Allah alkawari ba abin da zai wuce ta hannuna don na san fuskar mai shi. In na bari yau don Maman Biyu ce, gobe wata za ta zo da kuka mai kama da nata. Na jefa ledar a daro, kan basilla.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta gyara rigarta ta ce, "To, ki riƙe su duka biyu," ta shige.

Da azahar na bar ƙofa a hannun 'yan banga, na ce a tsayar da mata har in dawo, na taka zuwa bayan injina. Gaskiya ta faɗa, ƙarar wurin har cikin haƙori kake jin ta. Na sami Manaja zaune a kan buhu, ƙaton mutum mai ƙaramin kai, igiya naɗe a hannu. Ya ga rigata mai ƙyalli ya washe baki.

"A'a, Dada soja. Yau bam ɗin a sitonmu yake?"

Sai da na kai bakina kusa da kunnensa don ya ji. Na ce, "Na ga bayan matar nan. In na sake gani, ni da kai ne."

Ya ce, "Ke da ni a ina? Koma ƙofarki, tsohuwa, ki ci gaba da shafa matan mutane."

A gefensa maza biyu suna ɗinke buhu, kowanne da basillarsa a hannu, wata a baki. Da safe a gabana suka wuce da su ta ƙofar maza, ba wanda ya ce musu kanzil.

Daga nan ofishin Ciyaman na nufa. Na gaya masa komai. Ya saurara yana danna waya. Ya ce harkar sito ba harkar ƙofa ba ce, mai sito mutumin kirki ne, in ya dawo za a yi masa magana. Na ce to kafin ya dawo a bar ta ta shiga da basillarta, tunda a siton take aiki, kayan sana'ar wurin ne.

Ya ce, "Ina kika taɓa ganin mace tana ɗinkin buhu?"

Na ce, "Mahauta suna wucewa da wuƙa, masu gyaran takalmi da allura, wanzami da aska. Kowane namiji sana'arsa tana da tsini. Mace ce kaɗai sana'arta faifai."

"To ni na raba sana'o'in? Dada, ke kika fi kowa riƙe dokar nan, kar ki zama ke za ki fara ɓata ta. In ta soke shi da ita, wa za a tambaya? Ke da kika bari, da ni da na sa ki."

Na tambaye shi in shi ya karya ta fa, wa za a tambaya. Ya ce Allah ya kiyaye, ya koma kan wayarsa.

Na kwana biyu ina juya abin. Gora an hana ni, balle in ba ta. Basilla da barkono ni na hana ta. Abu guda ya rage wanda ba ƙarfe mai tsini ba ne, ba ƙulli ba ne, takardar ƙofa ba ta ambace shi ba. Rana ta uku da safe, a bayan zana, na cire usur daga wuyana na rataya mata, na tura shi cikin rigarta.

Na ce, "Wannan ya fi inji ƙara. In ya tura ƙofa ki busa da ƙarfinki. Sau biyu na gwada, kafin ki sauke numfashi masu gora sun iso."

Ta shafa ƙirjinta ta ce, "Miji na uku ke nan. Ke kuma fa?"

Na ce ni ina da baki.

Ta ce, "Useko, Dada." Kalmar godiyar nan kaɗai ta iya da Fillanci, ta ajiye mini ita sai ranar.

Na koma bakin aikina ina jin na yi dabara. Ban karya doka ba, ban kuma bar ta hannu rabbana ba. Ni da ake cewa ba abin da yake wuce idona, ban ga abin da yake gaban hancina ba. Sau biyun da na busa, a ƙofa na busa, a fili, kowa yana ganin wanda ya ɗaga mini hannu. Kuma da idona na taɓa ganin tayar mota ta fashe a bakin titi, kasuwar nan ta watse har mai tumatir ya bar tirensa. Mutanen da ke cikin wannan hali na ba wa ƙarar usur daga lungun da ba mai ganin cikinsa.

Bayan kamar mako guda ne, ranar da kasuwa ta cika, la'asar ta yi. Ina cikin laluben wata mai goyo na ji shi daga can ƙarshe, siriri, dogo, ya yanke, ya sake tashi. Nan take na gane usur ɗina ne. Na ɗago kai ina cewa 'yan banga su bi ni, sai na ji wani ya ce bam. Daga nan ban sake jin muryar kowa ɗaiɗai ba. Kasuwa gaba ɗaya ta taso ta yo ƙofa. Masu injina suka bar injina suna ta juyi ba kowa. 'Yan dakon da suke kusa da siton, waɗanda da sun leƙa kawai da abin ya tsaya, su suka fara tsallake katanga. 'Yan banga suka yi abin da aka koya musu, suka wangale ƙofa suka ja gefe suna cewa a fita a fita. Na kama rigar tsohon maharbin ina ce masa ba bam ba ne, mace ce ake duka, bai ma san ni ce ba, ya fizge.

Na shiga ni kaɗai, jama'a suna fitowa ina kutsawa. An ture ni na faɗi sau biyu, aka taka mini hannu, takalmina ɗaya ya tafi. Usur ɗin ya yi ta kira, ina jin sa, sannan ya yi shiru. Tsakanin ƙofa da siton nan ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba.

Na sami ƙofar a buɗe. Manaja ba ya nan, shi ma ya bi gudun, daga baya ya ce ya ɗauka bam ne. Tana zaune a ƙasa cikin wake, ta jingina da buhu, rigarta a yage, bakinta jini, ta tallafe hannun dama da na hagu. Ta ce da ya tura ƙofa ta busa, ya tsorata ya ja baya. Ya leƙa waje ya ga kowa yana gudu, ba mai zuwa, sai ya dawo. Ta ƙi sakin usur ɗin, shi kuma ya murɗe hannun har ya karye, ya buga mata fuska da bango. Abin da ya shiga yi bai samu ba, don ta cije shi. Wannan ta maimaita mini sau uku, bai samu ba, Dada, bai samu ba.

Sannan ta ce, "Kin ce za su zo."

Na yage ɗankwalina na ɗaure mata hannun a ƙirji. Ɗan ƙanen mijina ne ya dawo neman shagonsa ya gan mu, ya samo keke, aka fita da ita ta ƙofar baya zuwa asibiti.

A gudun nan wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta karye a ƙafa, yara biyu suka ji ciwo, kaya kuwa an tattake ba iyaka. Kwana uku bayan haka kwamiti ya zauna, aka kira ni. Na zaci maganar hannun Maman Biyu za a yi. Maganar usur aka yi. Wa ya ba ta, da izinin wa, ko na san kayan kwamiti ne.

Na ce, "Ni na ba ta. Na zo nan na gaya muku abin da ake mata, kuka ce ba harkar ƙofa ba ce."

Wani a cikinsu ya ce, "Yanzu saboda faɗan mace ɗaya da maigidanta a tashi kasuwa guda?"

Na ce, "Ba faɗa ba ne, kuma ba maigidanta ba ne. Ku aika a kira shi ya nuna muku hannunsa, shatar haƙoranta tana nan."

Ciyaman ya ce wannan maganar 'yan sanda ce, in tana so ta kai ƙara, ba wanda ya hana ta. Ya san ba za ta kai ba. Matar da take kwana a ɗakin aro, da wa za ta tsaya a gaban hukuma? Shaida kuma babu, kowa ya gudu. Suka yanke cewa kar ta sake shiga kasuwar, don mutane sun fusata da ita, wai don lafiyarta ne. Ni kuma saboda shekaruna da aikin da na yi, ba za a kore ni ba, amma ba za a sake ba ni usur ba. Mai sito da ya dawo ya aika mata da kwanon wake da gaisuwa. Manaja ya yi mako guda bai fito ba, sannan ya dawo ya zauna a kan buhunsa.

Na cire rigar mai ƙyalli na ajiye musu a kan tebur. Na je ƙofa na juye daron, kowa ya riga ya ɗauki nasa, sai basilla da ta rage a ƙasa, don a ranar gudun ba ta fita ta wurina ba. Na soke ta a haɓar zanina na hau keke na koma Yola.

Sau biyu na je Gwadabawa. Na farko aka ce tana wurin maɗori, na biyu aka ce ta tashi, ba a san inda ta koma ba. Na yi fushi da kwamiti, na yi fushi da masu gudu, na yi fushi da maharbin da ya fizge rigarsa. Amma in na zauna ina tsintar shinkafa, lissafin yakan dawo kaina. Sau uku aka raba ta da abin kare kai, duk da hannuna: biyu na karɓe, na uku na ba ta wanda ya kore mata mutane. Ban sani ba ko basillar da ta cece ta. Watakila da ta soke shi, ita za a ɗaure, tagwayenta su rasa uwa. Watakila da ya ƙwace ya soka mata. Na sha gaya wa kaina haka. Sai dai ita ta san wurin aikinta, ta san mutumin, ta zaɓi abin da za ta riƙe, ni kuma da ban taɓa bakace a siton ba na ce na fi ta sani.

Shekaru sun wuce, gari ya lafa. Bara na je gefen tafkin Njuwa sayen alayyafo wurin masu lambu, na ji wata tana ciniki tana ce wa mace shi. Na juya. Ta yi ƙiba kaɗan, furfura ta fito mata a goshi. Da hagu take ɗaure ganye, tana danne shi da gwiwa. Hannun daman yana nan, amma yatsun sun lanƙwashe, ba sa haɗuwa.

Ta ce, "Dada soja. Ba ki mutu ba?"

Na ce, "Ina jiran ki zo ki ɗauki mijinki."

Ta yi dariya har ta dafa ƙasa. "Yana nan? Bai yi tsatsa ba?"

Na ce ina shafa masa man gyaɗa. Kashegari na kai mata basillar. Ta karɓa da hagu, ta gwada sa wa a hannun dama, ta zame ta faɗi cikin alayyafo. Ta sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Ta ɗauka ta miƙo mini.

"Na sake shi. A nan ba mai taɓa ni, ga 'ya'yana sun girma, ga fartanya. Wancan Manajan yana nan?"

Na ce ban sani ba, ban sake taka kasuwar ba.

Ta ce, "To je ki duba. In yana nan, akwai wadda take zaune a wurina."

Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba. Ta ƙara mini ɗauri biyu na alayyafo ta ce in gai da gida.

Na je. Zanar da aka kewaye mini babu ita, wani mai cajin waya ya kafa tebur a wurin. Ba mai laluben kowa. Na shiga da basilla a cikin ɗankwalina, ba wanda ya ko dube ni. Injinan suna nan da ƙararsu. Manaja ma yana nan, ya yi tumbi, gemunsa ya yi fari, igiya a kan cinyarsa. Ya gane ni ya ɗaga hannu, bakinsa yana motsi, ban ji abin da ya ce ba, ban kuma tsaya ba.

Mata huɗu ne suke bakace. Na tsaya na dube su yadda nake duban mata a ƙofa. Uku sun ɗago sun gaishe ni. Ta huɗun tana zaune can gefe, ta ba ƙofar siton fuska, ba ta yarda ta ba ta baya ba, kuma duk zafin nan da mayafi a kafaɗarta. Na tsuguna kusa da ita kamar mai duba wake, na zaro basillar na ajiye a cikin faifanta.

Ta dube ta, ta dubi inda yake zaune, ta ja wake ta rufe. Da na miƙe na ga ta kai hannu kanta kamar mai gyara ɗauri.

Ba ta tambaye ni ko ta mece ce ba. Tun daga Jimeta har Yola ina cikin keke ina jiran in ji sanyi a raina, ban ji ba. Da ta tambaya, da na san wani abu ya canza a siton nan.